Sobitol a ruwa ko kolin a abinci: kundin gwajin kaji a Maradi

19 ga Janairu 2025

Duk mai kiwon kaji a garin nan ya san kwalbar da ake kira maganin hanta. Ba shagon maganin dabbobin da za ka shiga ka rasa ta. Wata da rubutun Faransanci, wata ta shigo ta Ɗan Isa daga Katsina da rubutun Ingilishi, amma in ka juya bayanta kayan haɗin kusan iri ɗaya ne: sobitol, wani sinadari mai zaƙi dangin sukari, shi ya fi yawa, sai kolin, sinadarin abinci da jiki ke buƙata kamar bitamin, da metiyonin, ɗaya daga tubalan furotin, wani lokaci da kanitin da ɗan bitamin. Ana ba da ita bayan rigakafi, ana ba da ita lokacin zafi, ana ba da ita duk ranar da mai kaji ya ga abin da bai gane kansa ba.

Aikina zagayen gidajen masu ƙaramin kiwo ne, daga Zariya da Ali Ɗan Sofo har Jiratawa da Tibiri, kuma koke biyu na fi ji. Na farko ƙafa: ɗan tsako na girma lafiya lau, da an shiga sati na uku sai gwiwa ta kumbura, ƙafa ta karkace waje, ya koma jan ƙirji. Na biyu hanta: a yanka kaza a tarar da hantar ruwan ɗorawa, ga maiƙo, tana marmashewa a hannu. A littattafan kiwo duka biyun suna cikin alamun ƙarancin kolin, ko da yake ba shi kaɗai ke kawo su ba. A nan kuwa duka biyun kwalbar nan ake saya musu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, akasarin mutanen nan da hannunsu suke haɗa abinci, masara da ƙuliƙuli da dusa, don buhun kamfani ya fi ƙarfin aljihunsu. Matar da ta kwashi adashi ta sayi ƴan tsaki, duk dalar da ta kai wa mai kwalba daga bakin kajinta ta cire ta. Tana da haƙƙin sanin ko abin da ta saya yana yin aikin da aka ce. Don haka na ɗaura niyyar yin ƙaramin gwaji a bayan gidana, in riƙa rubuta yadda ake ciki. Tambayar ɗaya ce: in abinci ya gaza a kolin, sobitol da danginsa suna iya toshe giɓin?

28 ga Janairu

Kafin a kawo ƴan tsaki na zauna da littattafai, kuma tarihin kolin ya cancanci a faɗe shi.

Wani Bajamushe masanin sinadarai, Adolph Strecker, shi ya tsamo shi daga ruwan matsarmamar alade, ya raɗa masa suna a 1862. Shekaru da yawa ba a ɗauke shi abin da jiki ke nema a abinci ba, sai da aka zo kan karnukan Toronto a Kanada. Bayan gano insulin a 1921, an lura cewa karnukan da aka cire wa fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ko ana yi musu allurar, hantarsu na cika da kitse. In an ba su ɗanyen fankiriyas ko lesitin, wani nau'in maiƙo irin na gwaiduwa, sai abin ya lafa. A 1932 Charles Best da abokan aikinsa suka nuna cewa kolin ɗin da ke cikin lesitin ne ke yin aikin. A 1939 Griffith da Wade suka ga ƴaƴan ɓeraye da aka hana kolin ƙodarsu na zubar da jini. A 1940 Thomas Jukes ya nuna kolin na hana gocewar agara a ƴan talotalo da ƴan tsaki, wato ciwon ƙafar nan da muke fama da shi.

Aiki uku yake yi a jiki. Da shi ake gina fosfatidilkolin, wanda shi ne mafi yawa a bangon kowace ƙwayar halitta, kuma da shi hanta ke naɗe kitse ta tura shi cikin jini. Nan ne maganar hanta take. Ka ɗauki ɗan kasuwar gyaɗa da kaya ke ta shigo masa sito amma ba shi da buhun ɗurawa: gyaɗar ba ta fita, sai tari. Haka hanta take in babu kolin, tana yin kitsen, ba ta da abin fitar da shi. Aiki na biyu, da shi ake yin asetilkolin, mai kai saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Na uku, jiki na mayar da wani kaso nasa betayin, wanda ke ba da wani ɗan guntun sinadari da ake kira metil.

Wannan na ukun shi ya ɗaure kolin da metiyonin. Jiki na iya haɗa nasa kolin, amma kowane ɗaya sai ya ci metil uku, kuma daga metiyonin ake zaro su. Vincent du Vigneaud ne ya fito da wannan musaya wajen 1940. Bitamin B12 da folik asid su ke taimakawa a sake cika metiyonin ɗin. To ga inda gizo ke saƙa a wajenmu: ƙuliƙuli na da furotin sosai, amma matalauci ne a metiyonin. Ɗan tsako kuma, ko an wadata shi da metiyonin, bai iya haɗa kolin da zai ishe shi a makonnin farko ba. Dole ya same shi a kwano.

Ma'aunin majalisar bincike ta Amurka na 1994 ya ce kajin nama na buƙatar miligiram 1300 a kowane kilo na abinci a sati ukun farko, 1000 daga sati uku zuwa shida, 750 bayan nan. Masara ba ta wuce wajen 600 a kilo ba. Garin waken suya da aka matse yana kai wa 2700, ƙuliƙuli bai kai shi ba. Da na lissafa haɗin da mata suka fi yi a nan, masara kusan kashi biyu cikin uku, sai na ga bai cika dubu ba.

6 ga Fabrairu

Yanzu ɗaya ɓangaren. Sobitol ɗan wani dangi ne da masana ke kira foliyol ko alkwal na sukari, ko da yake ba sa sa maye. Akwai manitol, zailitol, eritiritol, giliserol, sai inositol da ke gefe saboda ƙirarsa zobe ce. An fara samun sobitol a 1872 a Faransa daga ƴaƴan wata bishiyar ƙasar sanyi. Yau daga gulukos ake yin sa a masana'anta, kuma shi ne zaƙin da ke cikin man goge baki, cingam marar sukari da sirof ɗin tari.

Me yake yi in ya shiga ciki? Hanji ba ya tsotse shi da sauri, abin da ya rage yana jan ruwa zuwa hanji, shi ya sa in ya yi yawa yake kawo zawo. Yana sa matsarmama ta matse ta zubar da ruwanta, wannan ne ya ba shi sunan mai wanke hanta. Wanda ya kai hanta kuma, wani inzayim na mayar da shi furuktos, furuktos kuwa yana cikin sukarin da hanta ta fi saurin mayarwa kitse. A jikin sobitol babu naitirojin, babu metil ɗin bayarwa. Ba ta yadda za a gina kolin da shi.

To daga ina alaƙar ta fito? Na ga hanya biyu, kuma duka sai an yi zagaye.

Ta farko ta hanji ce. A 1957 Morgan da Yudkin a Landan suka ga ɓerayen da aka hana bitamin B1 suna girma lafiya in an sa musu sobitol a abinci. Dalili shi ne sobitol na ciyar da bakteriyar hanji, su kuma suna yin bitamin, ɓera kuma yana cin kashinsa. A waɗannan shekarun an kuma ba da rahoton cewa sobitol na ƙara tsotsar B12, alhali tun 1949 masu bincike a Alabama sun nuna B12 na rage yawan kolin da ɓeraye da ƴan tsaki ke buƙata. In ka jera su sai ka ga sarƙa: sobitol ya taimaki B12, B12 ya taimaki metiyonin, metiyonin ya rage wa kolin nauyi. Sarƙa ce mai tsawo, kuma kajin da ake ba firimis, wato garin haɗin bitamin da ma'adinai, mai B12 sun riga sun samu abin da ke ƙarshenta. Bakteriyar hanji ma ba kullum take abokiya ba, wasu na cinye kolin su mayar da shi tirimetilamin, mai ƙarnin kifi, jiki ya yi asararsa.

Ta biyu inositol, kuma nan ne alaƙar ta fi ƙwari. A 1941 Gavin da McHenry, su ma a Toronto, suka nuna inositol na rage wani nau'in kitsen hanta a ɓeraye. Shi ma yana shiga ginin bangon ƙwayoyin halitta. Amma ƙarfinsa bai kai na kolin ba, ba ya maye gurbinsa, kuma yawancin dabbobi suna yin nasu daga gulukos. Abin da ya burge ni shi ne inositol na nan jibge a abincin kajinmu, a ɗaure cikin wani sinadari da ake kira fitat, wanda ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na fosfor ɗin hatsi. A gero da dawa da alkama yana cikin dusa, a masara ya fi taruwa a ƙwayar idon. Kaza ba ta iya kwance shi sosai da kanta.

15 ga Fabrairu

Ƴan tsaki sun iso jiya. Na raba su keji huɗu daidai wa daida, kowanne da shimfiɗar ɓuntun shinkafa da tukunyar garwashi a tsakiya, don sanyin asuba bai gama tafiya ba. Abincin tushe ɗaya ne ga kowa: masara, ƙuliƙuli, dusa, garin ƙashi, gishiri, da firimis mai manganis da B12 amma marar kolin. Keji na ɗaya abincin kaɗai. Na biyu da sobitol a ruwan sha. Na uku da kolin a abinci. Na huɗu duka biyun.

Sobitol zalla na samu a farmasi, irin fakitin giram 5 da ake sayar wa masu kumburin ciki, na auna shi daidai da abin da kwalbar ke bayarwa in an bi rubutun jikinta. Kolin kuma irin na buhu ne, kolin kulorayid mai kashi 60 cikin ɗari, wanda ake zubawa a kan niƙaƙƙen totuwar masara. Giram 100 a abinci kilo 100 na ƙara wajen miligiram 500 a kowane kilo, abin da zai cike giɓin ke nan.

Garin nan sai wanda ya taɓa shi. Launin ƙasa ne, da ɗan ƙarni, kuma mayen ruwa ne. Na ɗebi kaɗan a tafin hannu ina magana da yaron da ke taya ni, kafin in gama sai na ji ya fara danƙo, a cikin wannan bushewar ta hunturu. Saboda jan damshin nan da kuma yadda yake lalata wasu bitamin in sun daɗe tare, masu yin firimis da yawa ba sa saka shi ciki. Mai kaji ya sayi firimis yana ganin ya gama komai, alhali babu kolin ko ɗigo. Na fara cuɗa shi da tiya ɗaya ta dusa, sannan na cuɗa wannan da sauran, don giram 100 ba zai bazu cikin buhu guda kai tsaye ba.

27 ga Fabrairu

Sati biyu. Bambancin da ya fara fitowa a ƙasa yake. Keji na biyu da na huɗu, masu sobitol, sun fi shan ruwa, kashinsu ya fi laushi, ɓuntun da ke kewaye da mazubin ruwa ya fara dunƙulewa. Mazubin ma in ya kwana sai ka ji santsi a cikinsa, dole a wanke shi da soso safe da yamma. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ba ƙaramin abu ba ce: ita ke ƙona tafin ƙafa, ita ke tada warin da ke shiga ido, kuma a cikinta ƙwan koksidiya, mai kawo kashin jini, yake nuna.

A sikeli, na uku da na huɗu sun fara yin gaba. Na ɗaya da na biyu kafaɗa da kafaɗa suke.

10 ga Maris

Azumi ya yi nisa, aikin keji ya koma bayan asuba da bayan shan ruwa. A ƴan kwanakin nan ƙafa ta fara magana, a keji na ɗaya da na biyu.

Na ɗauki ɗaya daga na biyu, wanda ya sha sobitol tun ranar da ya zo. Gwiwar ta yi faɗi, ta yi taushi, in ka buɗe gashin za ka ga ɗigo-ɗigon jini ƙarƙashin fata. Na bi agarar da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa. A lafiyayyen tsako tana kwance cikin kwarminta a bayan gwiwa, in ka tura ta gefe sai ta koma. A wannan ta fice gefe ta zauna can, ƙafar ta juya waje, yatsun na kallon bango. Yana son zuwa kwano, sai dai ya kafa fiffike a ƙasa ya ja jiki, ƴan uwansa na tattaka shi. A na uku da na huɗu na duba su ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyinsu ƙalau.

Ba kolin kaɗai ke hana wannan ba. Tun 1936 masu bincike a jami'ar Kwanel ta Amurka sun nuna ƙarancin manganis na kawo shi, haka ma bayotin da niyasin da folik asid. Shi ya sa na tabbatar firimis ɗin kowa ɗaya ne, mai ɗauke da waɗannan. Abin da ya raba kejin nan kolin ne kawai.

Na tsayar da gwajin a keji biyun farko, daga yau su ma an sa musu kolin. Na ga abin da nake son gani, ba dalilin barin rai yana wahala. Agarar da ta riga ta goce ba ta komawa, don haka waɗanda suka gurgunce na yanka su, na haɗa da ƴan kaɗan daga kowane keji don in kwatanta hanta. Na jera su a faranti. Na marasa kolin sun ɗan fi haske, amma ba wani bambanci mai tsoratarwa ba, kuma tsakanin mai sobitol da marar shi ido bai raba ba. Wannan ya dace da abin da aka sani: ɓera hanta da ƙoda ke fara nuna masa, ɗan tsako kuwa girma da ƙafa.

28 ga Maris

An sayar da kajin Sallah. Na uku da na huɗu sun fi nauyi, kuma sikeli bai nuna wani abu da sobitol ya ƙara wa na huɗu a kan na uku ba, sai yawan canjin shimfiɗa. Waɗanda aka sa wa kolin daga baya sun farfaɗo, amma ba su kamo ba. Gwajin bayan gida ne, zagaye ɗaya, don haka zan maimaita kafin in ɗora masa nauyi fiye da ƙarfinsa. Sai dai ya tafi daidai da abin da sinadarin kansa ya nuna.

Wani abu ya faru jiya da ya fi gwajin tayar mini da hankali. Wata dattijuwa a unguwarmu ta aiko jikanta da hantar kaji a roba. Manya ne, fari-fari, gefensu ya kumbura ya yi kauri, ga tabon jini. Na je gidan.

"Sannu da zuwa ɗana. Ka gani ko? Kuma wallahi ban fasa ba su maganin hanta ba."

"Inna, ina kike ajiye ƙuliƙulin?"

Ta kai ni wani ɗaki. Buhun na jingine da bango kusa da randa, na sa hannu can ƙasa na ciro dunƙule. Cikinsa kore-kore ne, yana warin ruma. Wannan ba maganar kolin ba ce, afalatoksin ne, dafin da wata fumfuna ke yi a gyaɗa da masara. Ta dalilin garin gyaɗa aka fara gano shi, bayan ƴan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, garin kuwa daga Burazil aka kai shi. Yana sa hanta ta yi kitse ta kumbura, ido bai cika raba shi da ƙarancin kolin ba. Soyawa ba ta kashe shi, sobitol ba ya wanke shi, kolin ma ba ya maganinsa. Mu da gyaɗa ta gina garinmu, gyaɗar da aka tsince aka ƙi sayarwa sau da yawa ita ke ƙarewa a turmin mai, daga nan sai kwanon kaji. Na roƙe ta ta zubar da buhun a rami, kada a ba awaki. Ta yi shiru, don kuɗi ne, sannan ta ce to.

22 ga Afrilu

Zafi ya kai intaha, kullum sama da digiri 40. Wani Alhaji mai kajin ƙwai a kan hanyar Tibiri ya kira ni, kaji na mutuwa ɗaya-ɗaya, kuma masu ƙiba ne, masu yin ƙwai.

"Malam, mi kake gani? Ga shi kullum shina cikin ruwansu."

Ya nuna mini jarkar maganin hanta, babba.

"Alhaji, Allah shi ja kwana, bari mu buɗe guda tukuna."

Tukkun kanta ya koɗe. Da na tsaga cikin, kitse ne rawaya ya lulluɓe hanji da ƙundu, hantar ta yi laushi har yatsa na nutsewa, ga gudan jini babba kwance a kanta inda ta tsage. Ciwon kitsen hanta mai zubar da jini ke nan, wanda aka sani a kajin keji tun shekarun 1950.

A nan dole in yi wa kolin adalci, in kuma hana kaina zuzuta shi. Tsuntsu a hanta yake yin kusan duk kitsensa, kaza mai ƙwai kuma kullum hantarta na tura kitse zuwa gwaiduwa. Ƙwai babba ɗaya na ɗauke da wajen miligiram 147 na kolin, duk daga jikinta ya fito. Amma babbar kaza ta fi ɗan tsako iya haɗa nata, muddin akwai metiyonin. Don haka ƙarin kolin yana taimakawa ne in abincin ya gaza a kolin ko metiyonin. Tushen ciwon kuwa ƙarfin abinci ne da ya wuce buƙata, da zaman keji ba motsi, da zafi. Abincin Alhaji masara ce ta yi yawa, don ta yi sauƙi lokacin da ya saya.

Ba zan ce sobitol ne ya kashe masa kaji ba, abin da ke shiga ruwa bai kai nan ba. Amma hantar da kitse ya riga ya cika, ba a yi mata magani da abin da za ta mayar furuktos. Ɗan kolin da metiyonin da ke cikin jarkar su ne masu amfani, kuma yawancin masu kaji kwana uku zuwa biyar suke ba da su su tsaya, alhali kaza kullum take buƙata.

Muka rage masara, muka ƙara dusar alkama, aka sa metiyonin da kolin a haɗin. Abinci da sassafe da yamma, tsakar rana a bar su su huta. Aka shimfiɗa zana a kan kwanon rufi, aka mayar da tankin ruwa inuwa. Na kuma ba shi shawarar betayin, wanda aka fara samu a gwozar sukari ta Turai. Yana ɗauke wa kolin aikin ba da metil, yana taimaka wa ƙwayoyin jiki riƙe ruwa a zafi, amma ba ya gina bangon ƙwayar halitta, ba ya hana agara gocewa.

9 ga Mayu

Masu awaki sun fara tambaya ko su ma su sa kolin. Jar akuyar Maradi ta cancanci a kula da ita, amma garin buhun nan ba nata ba ne: bakteriyar tumbi na cinye kusan dukansa kafin ya kai hanji. Masu shanun madara a waje wani iri suke bayarwa da aka lulluɓe da kitse don ya tsallake tumbi. Akuya mai cikin tagwaye da ta daina ci ta kwanta gab da haihuwa, giliserol ko furofilin gilaikol ake ɗura mata don hanta ta yi gulukos da su, kuma aikin likitan dabbobi ne.

Dangin foliyol kowanne da halinsa. Eritiritol yana nan a mahaifar shanu da tumaki da awaki, kuma ƙwayar burusela mai sa ɓari tana son sa, an nuna haka tun 1962. Zailitol da mutum ke tauna a cingam lafiya lau, kare in ya ci sukarin jininsa na faɗuwa, hantarsa na iya lalacewa. Abin da aka gani a ɓera ba a ɗora wa kaza shi kai tsaye, balle akuya.

2 ga Yuni

Mutuwar kajin Alhaji ta ragu sosai. Abubuwa da yawa muka canza lokaci guda, ga shi iska ta fara sauyawa, don haka ba na jingina sauƙin ga abu ɗaya.

Zagaye na biyu bayan Layya ne, kuma sobitol ya fita daga ciki. Inositol nake son bi, ta hanyar fitas, inzayim ɗin da ke kwance fitat, wanda ya shiga kasuwa a 1991. Ma'aunin da aka saba shi ne yunit 500 a kowane kilo na abinci, don a saki fosfor. In an ninka shi sau uku ko fiye yana warware fitat har inositol ya fito fili, kuma fitat ɗin da aka warware ya daina riƙe manganis da zink da kalsiyam, waɗanda ƙafa ke buƙata. Ga mu da dusa mai arha, wannan ya fi kusa da mu. Kowane keji zai samu kolin tun ranar farko, ba zan sake hana ɗan tsako shi ba. Na ɗaya kolin kaɗai, na biyu da ƙarin metiyonin, na uku da fitas mai yawa, na huɗu da betayin.

Sauran matsalar saye. Buhun kolin kilo 25 ne, ya ishi abinci tan 25, ba macen da za ta iya cinye shi ita kaɗai kafin ya dunƙule, ga damina ta ƙarato. Na yi magana da matan wata ƙungiyar adashi a Jiratawa, sun yarda su haɗa kuɗi a sayi buhu ɗaya, a raba a kwalaben da murfinsu ke ɗaurewa, kowacce giram 500. Mafi yawansu ba su da sikelin da ke auna giram, don haka wannan satin zan auna murfin kwalba da cokalin da kowace ke da shi a gida, in yi masa alama, ta san nawa za ta zuba a tiya goma.